LAFIYAR IYALI: Kumburin Ɓoye da Kitse Mai Kirki

 A wannan fili mun sha yin magana a kan zazzaɓi da gudawa da abincin yara. A wannan wata za mu juya kan iyaye, gama akwai abin da ya fara yawa a cikinmu. Magidanci yana cikin ƙarfinsa, bai kai shekara sittin ba, ya kwanta lafiya, da asuba ya dafe ƙirji, kafin a samo mota ya cika. Ko kuwa uwa tana cikin daka sai ɓarin jikinta ya shanye. In haka ta faru sai a shiga raɗe-raɗin jifa da sammu, a zargi maƙwabci ko ɗan'uwa, zumunci ya ɓaci a bisa abin da ba shi ne ba. Alhali kuwa ciwon ya yi shekaru yana ginuwa a cikin jijiyoyin jini ba wanda ya sani.

Yanzu mutane da dama sukan je asibiti a auna musu jini, su dawo da takarda mai ɗauke da haruffa HDL da LDL. Akan gaya musu cewa HDL shi ne kitse mai kirki, LDL kuma shi ne mugu. Sai ka ji mutum yana cewa, "Mai kirkin nawa yana da yawa, ni ba ni da damuwa." To, a nan ne muke so mu tsaya. Likitoci sun gano cewa yawan HDL dabam ne, aikinsa kuma dabam. Abin da yake hana shi aiki shi ne kumburi, irin wanda ba a gani da ido. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Amalanke Biyu a Cikin Jini

Kolestarol wani irin maiƙo ne wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar jiki, da shi kuma hanta take yin ruwan matsarmama mai narkar da abinci. Mafi yawansa jikinmu ne yake yi da kansa, sauran kuma daga abinci yake zuwa. Tun da yake mai da ruwa ba su gauraya, kolestarol ba ya iya tafiya cikin jini shi kaɗai, sai an ɗora shi a kan abin ɗauka.

Duk wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san amalanken shanu. Bari mu ce akwai amalanke iri biyu a cikin jini. Na fari shi ne LDL, wanda yake ɗaukar kaya daga hanta ya rarraba wa jiki. In ya yi yawa sai ya riƙa zubar da kaya a kan hanya, watau a cikin bangon jijiyoyin jini. Na biyu shi ne HDL. Shi kamar amalanken da yake kwashe taki daga gida da rani yake. Yakan bi jijiyoyi yana kwasar abin da aka zubar, ya kai wa hanta, hanta kuma ta fitar da shi ta hanji. Ban da wannan, HDL yana hana LDL lalacewa, yana kuma kwantar da bangon jijiya don kada ya harzuƙa.

Sanin nan bai zo rana ɗaya ba. A 1913 wani likitan Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye da kolestarol, ya ga jijiyoyinsu sun cika da kitse. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a wani gari mai suna Framingham a Amurka, ana auna su shekara da shekaru. A 1977 masu wannan bincike suka ba da labari cewa waɗanda HDL ɗinsu ya yi ƙasa sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Daga nan sunan "kitse mai kirki" ya bazu a duniya. Har yau likita yakan kula in HDL na namiji ya gaza 40, ko na mace ya gaza 50. Wasu ɗakunan awo da wani ma'auni suke aiki, su sukan rubuta 1.0 da 1.3.

Mene Ne Kumburi?

In ƙaya ta soke ka a gona, wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya yi zogi. Wannan ba cuta ba ce, tsaro ne da Mahalicci ya sa a jiki. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su ne suka taru suna yaƙi. In sun gama sai su watse, wurin ya warke. Wannan kumburi alheri ne.

Amma akwai wani iri wanda ba ya ƙarewa. Ba ya ja, ba ya zogi, sai dai ya yi ta ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa garwashi. Shi muke kira kumburin ɓoye. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da alamun kumburi a bangon jijiyoyin da suka toshe. A 1999 wani masani na Amurka, Russell Ross, ya tattara shaidu ya nuna cewa toshewar jijiya ciwon kumburi ne tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Ga yadda abin yake tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Hawan jini da hayaƙi da yawan sukari a jini sukan kuje shafen da yake cikin jijiya. LDL ya kutsa ta nan ya maƙale, ya lalace kamar yadda tsohon mai yakan lalace. Sojojin jiki su ɗauke shi abokin gāba, su shigo su haɗiye shi har su cika su mutu a wurin. A kwana a tashi sai abin ya zama kamar maruru a cikin bangon jijiya, da 'yar fata a kansa. Kumburi shi ne yake cin wannan fata har ta yi siriri. Ranar da ta fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya. In a jijiyar zuciya ne, shi ne bugun zuciya. In a ta ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Abin da Kumburi Yake Yi wa HDL

Sa'ad da yaƙi ya tashi a jiki, hanta takan canja aikinta. Takan shiga yin wasu furotin na yaƙi. Ɗaya daga cikinsu, wanda likitoci suke kira SAA, yakan ninka har sau dubu cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi wannan SAA yakan hau kan HDL ya ture furotin ɗin da yake yin aikin kwasa. Kamar dai a ƙwace amalanken taki ne a sa shi jigilar kayan yaƙi. Amalanke yana nan, in ka ƙidaya za ka same shi, amma taki yana ta taruwa a gida.

Abu na biyu kuma, sojojin jiki suna da wani makami da suke kashe ƙwayoyin cuta da shi, irin sinadarin da yake cikin ruwan bilic na wankin fararen tufafi. In yaƙi ya daɗe, wannan makami yakan ƙone HDL shi ma, ya bar shi gurgu.

A 1995 masu bincike a birnin Los Angeles, cikinsu har da Alan Fogelman, suka ɗibi HDL daga jinin marasa lafiya kafin a yi musu tiyata, suka sāke ɗiba 'yan kwanaki bayan tiyata. Na farkon ya kāre bangon jijiya kamar yadda aka sani. Na biyun, daga jikin mutanen nan dai, maimakon ya kwantar da kumburi sai ya ƙara hura shi. In mutum ya warke, HDL yakan koma halinsa na dā. Abin tsoro shi ne kumburin da ba ya warkewa, gama a nan ne mai tsaron gida yakan daɗe bai koma bakin aikinsa ba.

Gwaje-gwajen da Suka Buɗe Ido

Da aka ji HDL mai kirki ne, kamfanonin magani suka ce, to bari mu ƙara yawansa. Kamfanin Pfizer ya yi wani magani wanda ya ɗaga HDL da wajen kashi 72 cikin ɗari. Aka gwada shi a kan mutum wajen 15,000. A watan Disamba na 2006 aka tsai da gwajin, gama mutum 93 sun mutu cikin masu shan maganin, 59 kuma cikin waɗanda ba su sha ba. An gano cewa maganin yana ɗaga hawan jini. Wasu magunguna biyu irinsa, waɗanda aka dakatar a 2012 da 2015, sun ɗaga HDL su ma, amma ba su rage bugun zuciya ba. A 2012 kuma aka bincika mutanen da suka gāji yawan HDL daga iyayensu, aka tarar wannan gādo bai tsare su daga bugun zuciya ba. A 2017 masu bincike a ƙasar Danmak suka ga cewa waɗanda HDL ɗinsu ya yi yawa ƙwarai sun fi masu matsakaici mutuwa.

Sai wasu suka ce, maimakon ƙidaya amalanke, bari mu auna kayan da yake ɗauka. A birnin Dallas aka bi mutum wajen 2,900 har shekara tara. A 2014 aka ba da sakamako: waɗanda HDL ɗinsu ya fi iya kwasar kitse sun fi tsira daga ciwon zuciya nesa ba kusa ba, ko da lambar da ke takardarsu ɗaya ce da ta wasu. Wannan awo na masu bincike ne, ba a yin sa a asibitocin yau da kullum. Har yanzu kuma ba a sami maganin da zai gyara aikin HDL ya ceci rai ba. A 2024 aka ba da sakamakon gwajin ɗura furotin ɗin HDL bayan bugun zuciya, wanda mutum fiye da 18,000 suka shiga, bai kawo bambancin a zo a gani ba.

Ta wajen kumburi kuwa an sami haske. A 2017 Paul Ridker na birnin Boston da abokan aikinsa suka ba da sakamakon gwaji a kan mutum 10,061 waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya. An yi musu allurar da take rage kumburi kawai, ba ta taɓa kitsen jini ba. Sai sāke bugun zuciya da makamantansa ya ragu da wajen kashi 15 cikin ɗari. Amma allurar tana da tsada ainun, ta kuma raunana tsaron jiki har wasu suka mutu da cututtuka masu kamawa. Ba maganin da za mu nema ba ne. Amfanin gwajin shi ne ya tabbatar cewa kumburi yana da hannu a cikin ciwon.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙar fata. Mutanen Framingham kusan duka Turawa ne. A 2022 wani bincike na mutum wajen 24,000 a Amurka ya nuna cewa ƙarancin HDL yana nuna haɗari ga Turawa, amma bai nuna haka ga baƙar fata ba. Yawansa kuwa bai tsare ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka ba daidai ba ne mu rataya ranmu a kan wannan lamba ɗaya.

A Ƙasarmu Fa?

Gaskiya ita ce babban abokin gāban zuciya a ƙasarmu hawan jini ne. A 2012 aka fitar da binciken marasa lafiya 1,006 masu kāsawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka. Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin shugabannin aikin. Kusan rabinsu hawan jini ne ya jawo musu, toshewar jijiyar zuciya kuwa ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Amma toshewar tana ƙaruwa. Tsakanin 2013 da 2018 likitocin Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato, sun rubuta fiye da mutum dubu waɗanda suka zo asibiti da irin wannan ciwo. A zamanin kakanninmu likita yakan yi shekaru bai ga ɗaya ba. Hawan jini kuma shi ne yake fara kuje bangon jijiya, don haka shi da kumburi tafiyarsu ɗaya.

Daga Ina Wutar Take Tashi a Gidajenmu?

Na fari, zazzaɓin cizon sauro. Sa'ad da mutum yake fama da shi HDL yakan faɗi ƙasa ƙwarai, ya kuma dawo bayan an sha magani an warke. Haka tarin tibi yake saukar da kolestarol. Saboda haka in mai jinya ya ga kolestarol ɗinsa ya yi ƙasa, kada ya ɗauka albishir ne. Kada kuma a yi awon kitse ana cikin zazzaɓi. A bari sai an warke da 'yan makonni.

Na biyu, mura mai tsanani, wadda likitoci suke kira infuluwenza. A 2018 aka nuna a ƙasar Kanada cewa cikin makon farko na wannan ciwo haɗarin bugun zuciya yakan ninka sau shida. Mu da muke shan ƙurar hunturu da sanyinsa, sai mu sa ido a kan tsofaffinmu in mura ta kwantar da su.

Na uku, baki. Dasashin da yake jini kullum in an yi asuwaki, da haƙorin da yake girgiɗi, gyambo ne wanda yake buɗe dare da rana. A 2007 aka yi wa mutum 120 jinyar dasashi a birnin Landan. Waɗanda aka yi wa jinya sosai, bayan wata shida jijiyoyinsu sun fi buɗewa da kyau. Wannan gwaji lafiyar jijiya ya auna, bai ƙidaya bugun zuciya ba, amma ya isa ya sa mu daina rena ciwon baki.

Na huɗu, hayaƙin girki. Iyayenmu mata suna dafa abinci da itace da kara, wani lokaci da kashin shanu, sau da yawa a ɗakin da ba taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa ta hanyar ciwon jijiyar zuciya ne. Macen da ba ta taɓa sa taba a baki ba tana iya shaƙar hayaƙi shekara talatin a gindin murhu.

Na biyar, taba, ko ta sigari ko shisha. Tana saukar da HDL, tana ƙone wanda ya rage, tana kuje bangon jijiya. Yaran gida da matar gida ma suna sha tare da mai sha.

Na shida, tumbi. A wurinmu akan ce alamar samu ne. Amma kitsen da yake cikin ciki ba a kwance yake kawai ba, yana fitar da sinadaran da suke hura kumburi, shi ne kuma ƙofar ciwon sukari. Dā mutum yakan taka daga ƙauye zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ya hau keke. Yanzu ko zuwa majami'a sai a kan babur. Shayi mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba da farar shinkafa da taliya sun ture tuwon gero a gidaje da yawa.

Na bakwai, cututtuka masu daɗewa, kamar ciwon sukari da ciwon ƙoda da ƙanjamau da amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu. Masu irin wannan amosani sun fi sauran mutane haɗarin ciwon zuciya da wajen rabi, ko da kolestarol ɗinsu bai yi yawa ba. Shan magani a kan kari shi ne yake rage wutar. Maganin tibi da na ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, kunya kada ta hana kowa karɓa.

Yara ma suna da nasu. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, in ba a yi maganinsa ba, yana iya jawo kumburin da yake lalata ƙofofin zuciya har abada. Wannan ba ruwansa da kolestarol, amma kumburi ne shi ma, maganinsa kuwa mai sauƙi ne in an je asibiti da wuri. Kada a kai yaron a yanke masa beli.

Gargaɗi Uku

Kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya ce a ba shi maganin kumburi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma da 'yan dako suke sha kamar gyaɗa, ba su tsare zuciya. In aka daɗe ana sha suna ɗaga hawan jini, su ɓata ƙoda, su ƙara haɗarin bugun zuciya. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗinta a kansu. Haka ma ƙwayoyin sa ƙiba da wasu 'yan mata suke sha, suna kawo sukari da hawan jini.

Na biyu, akwai masu cewa 'yar giya kaɗan tana ƙara kitse mai kirki. Gaskiya ne tana ɗaga lambar, amma mun riga mun ga lamba ba ita ce aiki ba. Giya tana ɗaga hawan jini, tana cin hanta. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin giya da za a ce ba shi da lahani.

Na uku, mu yi hankali da masu lasifika a kasuwa waɗanda suke sayar da gora ɗaya mai wanke jini da narkar da kitse da maganin cuta arba'in. Ba wanda ya auna abin da yake ciki.

Abin da Kowane Gida Zai Iya Yi

1. Duk wanda ya kai shekara 40, da duk wanda iyayensa suka yi hawan jini ko sukari, ya riƙa auna jininsa. In awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye, aka sāke aka sami haka, a ga likita. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi.

2. In ka karɓi takardar awon kitse, LDL za ka fara dubawa. Shi ne aka tabbatar cewa saukar da shi yana ceton rai. In likita ya rubuta maka maganin da ake kira sitatin, ka sha. Yana saukar da LDL, yana kuma rage kumburi. Akwai awon kumburi mai suna CRP a manyan asibitoci. Likita ne zai ce ko kana bukatarsa, ba a kuma yin sa ana cikin zazzaɓi.

3. Ka ɗauki igiya ka auna tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai cibiya. In bakinta bai haɗu ba, tumbi ya wuce iyaka. Tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta isa a fara da ita, musamman da rani sa'ad da aikin gona ya tsaya.

4. Mu koma ga abin da gonakinmu suke bayarwa. Gero da dawa waɗanda ba a surfe su fes ba, da wake, da zogale da rama da yakuwa da kuka. Riɗin da ake lodawa daga ƙasar Gumel zuwa ƙasashen waje, mu rage na gida, gama mansa da man gyaɗa sun fi kitsen nama da man shanu alheri ga jijiya. Zoɓo ma yana da kyau in ba a cika masa sukari ba, amma ba ya maye gurbin magani. Tsire da balangu a bar su na lokaci-lokaci.

5. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini ga babba, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Daddawa da albasa da citta suna ba miya daɗi.

6. 'Yan'uwa mata masu suyar ƙosai da awara, man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi a zubar da shi. Akwai kuma daskararren mai na masana'anta wanda yake ɗaga LDL ya saukar da HDL. A 2023 gwamnatin Nijeriya ta fitar da dokar hukumar NAFDAC wadda ta hana irin wannan mugun kitse ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai.

7. Maigida ya buɗe wa ɗakin girki taga, ko ya kafa rumfa a waje. A busar da itace kafin a hura. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe.

8. A kwana cikin gidan sauro. In ma'aikata sun zo da maganin rigakafin zazzaɓi na yara da damina, a karɓa. Ciwon haƙori da gyambon da ya ƙi warkewa da tarin da ya wuce mako biyu, a kai su asibiti.

In Abin Ya Zo Fa?

In mutum ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an aza masa buhun gero, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, da gumi da ƙarancin numfashi, ya kuma wuce 'yan mintoci, kada a ce gyambon ciki ne a jira gari ya waye. Mata da masu sukari wani lokaci kasala da tashin zuciya kawai suke ji. Haka in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe. A nufi Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa nan da nan. In ya fi ƙarfinsu su za su tura Dutse ko Kano. Addu'a a yi ta a cikin mota. Manzo Bulus da kansa ya yi tafiya tare da Luka, wanda likita ne, don haka zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Ga shawara ga dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata. Na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin baiko na musamman ba. A saya ɗaya, a nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu, a riƙa auna manya sau ɗaya a wata bayan sujada, a rubuta a littafi. A kuma san tun yanzu motar wa za a nema in abu ya taso da dare.

Kowane ɗan makarantar Lahadi ya san labarin itacen ɓauren nan mai ganye lif amma ba 'ya'ya. Haka HDL yake a jikin da kumburi ya zauna. Jikin nan amana ne, 'ya'yanmu kuma suna bukatar iyayensu a raye. Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya ba mu hikimar lura da abin da ya danƙa mana. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.